ILMI A SAUƘAƘE: Hoton Abin da Ya Fi Ƙyaftawar Ido Sauri

A wannan wata za mu leƙa ɗakin binciken masana sinadarai, inda ake ɗaukar hoton abin da ido bai taɓa gani ba.

Dukkanmu mun san hasken eksire da ake duba karaya da shi a asibiti, wanda Bajamushe Röntgen ya gano a 1895. To, yau da shi ake kallon motsin ƙwayoyin zarra. Akwai sinadarai masu ƙwayar ƙarfe guda a tsakiya, wasu ƙwayoyi kuma sun kewaye ta kamar sarki da fadawansa. Irin wannan tsari ne ke cikin jininmu, inda ƙarfe ke ɗaukar iskar da muke shaƙa. Idan haske ya bugi irin wannan sinadari, sai elektron ɗaya ya yi tsalle daga wurin sarki ya koma wurin fadawa. Tambayar masana ita ce: ina yake zuwa daga nan, kuma har yaushe yake daɗewa?

Matsalar ita ce sauri. Ana auna abin da femto, wato daƙiƙa ɗaya a raba ta gida miliyan, kowane gida a sake raba shi gida biliyan. Haske kansa, mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, cikin femto 100 bai gama ƙetare kaurin gashin kai ba. Ahmed Zewail, ɗan ƙasar Masar, shi ya buɗe wannan fage da hasken leza, har ya samu kyautar Nobel a 1999.

Ga dabarar. Ana fara bugun sinadarin da leza, sai a bi shi da walƙiyar eksire bayan ɗan jinkirin da aka auna. A sake da wani jinkirin, sau dubbai, sannan a jera hotunan su zama majigi. Amfanin eksire shi ne ana iya saita shi ya ga ƙarfen kaɗai. Irin wannan walƙiya sai manyan injuna. Na Stanford a Amurka ya fara aiki a 2009, na Hamburg a Jamus kuwa, mai tsawon kilomita 3.4, a 2017.

Wani zai ce, mene ne ruwanmu? Ruwanmu wutar lantarki. A 1991 Grätzel da O'Regan suka fito da wani faifan sola mai aiki da rinin rutiniyam, wani ƙarfe mai tsada da wuyar samu. An so a maye gurbinsa da baƙin ƙarfe, wanda ƙasa ke cike da shi, sai abin ya ƙi. Rutiniyam yana riƙe elektron a waje kusan kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, isasshen lokaci ke nan a ja shi cikin waya. Na baƙin ƙarfe kuwa cikin femto 100 ya koma gida. A 2009 Majed Chergui da abokan aikinsa a Suwizalan suka nuna da eksire yadda fadawan ke ja da baya daga jikin sarki cikin kimanin femto 150, ƙarfin hasken ya lalace ya zama zafi. Sanin cuta shi ne rabin magani. A 2019 masana a Jami'ar Lund ta Suwidin suka ba da labarin wani sinadarin baƙin ƙarfe mai fadawa masu riƙo gam, wanda ya ninka na da sau dubbai wajen daɗewa.

Abin takaici, duk faɗin Afirka babu injin eksire irin wannan ko ɗaya, ko da yake masananmu sun yi taro a Akara a 2019 kan yadda za a gina. Ranar da aka gina, su wa za su sarrafa shi? Yaran da ke zaune a azuzuwanmu yau. Saboda haka iyaye, idan yaro ko yarinya suka nuna sha'awar lissafi da kimiyya, kada mu cire su mu kai kasuwa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.