Lebura ba ya da ranar jinya

Sharhinmu na yau a kan ma'aikatan wucin gadi ne, waɗanda ake biya a kullum ko a mako, ba takardar ɗauka, ba hutun jinya.

Duk wanda ya san unguwannin masana'antu na Kano, irin su Sharaɗa da Challawa da Bompai, ya san layin da ake yi a bakin get da asuba. Wanda aka zaɓa ya shiga, wanda ba a zaɓa ba ya koma gida. A irin wannan hali, leburan da ke jiƙa fatu cikin sinadari ba zai nemi safar hannu ko takunkumi ba, don amsar da zai ji ya san ta: in ba za ka iya ba, ga goma a waje suna jira. Idan zazzaɓi ya kama shi, sai ya biya ta kemis, ya haɗiyi maganin kashe ciwo, ya koma bakin inji, domin ranar da bai fito ba babu ita a lissafi. Haka tari ke zama ciwon huhu, haka fargabar gobe ke hana barci ta tayar da hawan jini.

Ma'aikacin dindindin da ke da inshora yana ganin likita tun ciwo na ƙarami. Lebura sai ya kwanta, kuma daga aljihunsa zai biya, a ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya jama'a ne ke fitarwa da kansu.

Dokoki kuwa akwai su. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Dokar diyya ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Wata dokar ta 2022 ta tilasta inshorar lafiya. Amma duk waɗannan suna bin sunan da ke cikin rajista ne, shi kuwa lebura ta hannun ɗan kwangila ya shigo.

Saboda haka gyara daga rajistar zai fara. Sufetocin ƙwadago su riƙa ƙirga waɗanda ke bakin inji su gwada da na takarda, ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta buɗe wa lebura ƙofa, kamfanin da ya ci guminsa kuma ya ɗauki nauyin jinyarsa.