Jinjina ga Masu Ƙera Roba Mai Tuna Siffarta

Yabon gwani ya zama dole. Masana sinadarai da injiniyoyin da suka ƙarar da shekarunsu kan roba mai tuna siffarta sun cancanci jinjina, domin sun rage wa majinyata wata wahala da aka daɗe ana yi wa kallon dole. A da sai a miƙa wa mutum abin ɗaure gaɓa irin na kowa, a ce ya daure har jikinsa ya saba, ko da yana goge masa fata. Albarkacin aikinsu, yanzu ana iya sa kayan su bi ƙirar jikin mai su.

Hikimar tana cikin yadda aka gina robar. Ƙwayoyinta dogayen zare ne da aka ƙulle a wurare daban-daban kamar ragar kamun kifi. Ƙullin ne ke riƙe da siffar asali. Zaren da ke tsakaninsu kuwa yana laushi idan ya ji zafi, ya sandare idan ya huce. Sai a ɗumama ta, a lanƙwasa yadda ake so, a bar ta ta huce a haka. Ranar da aka sake ɗumama ta, sai ta koma yadda aka fara ƙera ta.

Ba dare ɗaya aka kai nan ba. Paul Cook ya kafa kamfanin Raychem a Amurka a 1957, wanda ya yi suna da bututun robar da ke tsukewa ya rufe wayar lantarki da zarar an hura masa zafi. A Japan, Shunichi Hayashi na kamfanin Mitsubishi ya samar da irin da tun wajen haɗawa ake zaɓar mizanin zafin da za ta yi laushi. A 2002 kuma Andreas Lendlein da Robert Langer suka nuna zaren ɗinkin tiyata da ke tsuke kansa idan ya ɗumama, sannan ya narke a cikin jiki.

Jinjina ta musamman ga ma'aikatan asibiti da suka kai wannan ilimi bakin gadon majinyaci. Mai gyaran gaɓoɓi yakan jefa fallen robar cikin ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70, ya fito da shi ya ɗan sha iska, ya shimfiɗa a hannun wanda ya ƙone ko jijiyarsa ta yanke. Cikin 'yan mintuna ya sandare daidai da hannun. Idan kumburi ya saɓe bayan mako guda, ba sai an jefar an yanko sabo ba: a mayar da shi ruwan zafi, a sake gyarawa. Ga shi ba nauyi irin na simintin karaya, ana kuma iya cire shi a wanke ciwo. Haka ake yi wa mai cutar daji a kai ko wuya marufin fuska daidai da shi, don kansa ya tsaya wuri ɗaya duk ranar da za a gasa ciwon da haske. A Koriya ta Kudu, kamfanin Graphy yana yin robar da ake ƙera abin daidaita haƙora da ita, wanda ke laushi a ruwan ɗumi, ya koma siffarsa a cikin baki.

To amma da sauran aiki. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce sama da mutum biliyan 2.5 ke buƙatar kayan tallafin jiki, kuma kusan biliyan 1 ba su samu ba. Muddin kwali ɗaya na wannan roba ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, talaka zai ci gaba da jin labarinta ne kawai. Ya kamata masu ƙerawa su sassauta farashi, su yarda a riƙa haɗa ta kusa da masu buƙata.

Sai batun zafi. Robar da ke motsawa da ɗumin jiki tana iya motsawa tun tana kan hanya, a yankin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin ya haɗa da rana da gumi da ƙurar hunturu irin namu. Akwai kuma batun ƙarfi, domin irin da ke laushi a ruwan zafi ba ta cika jure nauyin babban mutum ba, shi ya sa har yau galibin masu yin ƙafar roba ke ɗaukar awon dungu da filasta.

Mu ma muna da namu kason. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri suna da ƙwararrun da ke kula da waɗanda shan inna ko haɗarin mota ko rikici ya taɓa. Idan sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu suka haɗa kai da su, gwamnati ta ɗauki nauyin binciken da horar da matasa, za a san wace roba ce ta dace da yanayinmu, a kuma sa ta cikin kayan da inshorar lafiya ke biya.