Gida a ƙauyen Holand: a yi lissafi kafin a sayar da fili



Wata Hajiya mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ta tsayar da ni kwanan baya, ta miƙo mini salularta ta ce in duba. Hoton wani gida ne na jan bulo, ciyawa shar kewaye da shi, ga ƙorama a gaba, ga shanu can nesa suna kiwo. Ɗanta ne da ke aiki a ƙasar Holand ya aiko. Ya ce ya gaji da haya a birni, ya samu gida a ƙauye inda babu hayaniya, banki zai ba shi bashi, amma yana bukatar ciko. Yana roƙon ta sayar da filinta ta aika masa. Ta ce mini: «Malam, shekara ashirin ina sayar da atamfar Holand, yanzu kuma ɗana zai sa in sayi ƙasar Holand ɗin kanta. Me ka gani?»

Na ba ta amsa a tsaye, amma na ga maganar ta fi ƙarfin amsar bakin rumfa, tun da ba ita kaɗai ke da ɗa a Turai ba. Ra'ayina shi ne: gidan ba laifi ba ne ga wanda yake zaune can da takardu da aiki, amma kada uwa ta taɓa jarinta ko filinta saboda hoto. Ga dalilaina.

Sunan Holand ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. Atamfar Vlisco daga garin Helmond take fitowa, kamfanin kuwa tun 1846 yake. Albasarsu tana gogayya da albasar Galmi a Abijan. To amma ƙasar kanta ƙarama ce, faɗinta kusan daidai da na jihar Maraɗi, kuma mutanenta sun kai miliyan 18 a 2024. Duk inda mutane suka yi yawa fili ya yi kaɗan, kun san abin da ke biyo baya. A 2024 an ƙiyasta cewa ƙasar tana da giɓin gidaje wajen 400.000, kuma matsakaicin kuɗin gida a wannan shekarar ya kai wajen Yuro 450.000. Yuro ɗaya sefa 656 ne, wato kusan miliyan 295 ke nan. Can ba kullum ake taya gida a rage kamar yadda muke yi ba. Sau da yawa masu saye ne ke ƙari bisa kuɗin da mai gida ya sa, wanda ya fi tayi ya ɗauka.

Mu ɗauka yaron ya samu mai sauƙi, na Yuro 300.000, wato kusan miliyan 197. Banki zai iya ba shi bashi har iyakar darajar gidan, a biya galibi cikin shekara 30, gwargwadon albashinsa. Amma akwai kuɗin da banki ba ya ɗauka, su ne cikon da yake nema wajen uwarsa. Akwai lampon canjin hannu: kashi 2 cikin 100 ga wanda zai zauna a gidan da kansa, wato Yuro 6.000, kusan miliyan 4. Akwai kuɗin noter, mai rubuta takardar mallaka ya shigar da ita rajistar filaye ta ƙasa. Akwai mai ƙiyasta darajar gida, akwai dillali, akwai mai duba lafiyar gini. Wanda bai kai shekara 35 ba ana yafe masa lampon sau ɗaya, in gidan bai wuce wani farashi da aka ƙayyade ba. To Hajiya ta tambayi ɗanta shekarunsa da farashin gidan, wataƙila cikon bai kai yadda ake zato ba.

Ga Alhazan da ke tunanin su sayi gida can su ajiye ko su ba da haya, lissafin daban ne. Doka ba ta hana baƙo saye ba. Amma wanda ba zai zauna ciki ba lamponsa ya fi yawa: kashi 10,4 ne daga 2023, aka mayar da shi 8 daga 2026. A kan gidan da muka ɗauka misali, kashi 8 ya haura miliyan 15 kafin ka taɓa makulli. Tun 2022 kuma an ba magadan gari ikon hana sayen wasu gidaje don haya a unguwannin da suka zaɓa. Babbar magana ita ce wannan: mallakar gida a Holand ba ta ba mutum takardar zama. Mai bizar ziyara kwana 90 ne iyakarsa cikin kowane kwana 180. Sai ka mallaki gida, ka riƙa bin layi kana neman izinin zuwa ka kwana a cikinsa. Kuma noter ba ya karɓar kuɗi a jaka. Ta banki za su bi, kuma dole a nuna inda suka fito. Kuɗin adashi da ribar rumfa halal ne, amma in ba takarda, tabbatar da asalinsu aiki ne.

Yanzu mu zo ga koren da ya ja hankalin kowa. Wannan ciyawa ruwa ne ya kawo ta, kuma ruwan yana da kuɗinsa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da bakin teku. A 1953 teku ta fasa shingaye ta kashe mutum fiye da 1.800, daga nan suka shiga gina manyan madatsun ruwa. Akwai hukumomin ruwa 21 da ke kula da shingaye da injinan zuƙe ruwa, kuma kowane mai gida yana biyan su lampo duk shekara, ban da lampon gida na magajin gari da kuɗin kwashe shara. A yankuna da dama ƙasar laka ce mai laushi, tsofaffin gidaje bisa turakun itace suke zaune. In ruwan ƙasa ya ja baya, turakun su ruɓe, bango ya tsage, gyaran kuwa yakan ci dubban Yuro masu yawa. A arewa, jihar Groningen, haƙar gas ta jawo girgizar ƙasa, mafi ƙarfi ita ce ta ƙauyen Huizinge a 2012, gidaje da yawa suka tsattsage. An dakatar da haƙar a 2023, amma an daɗe ana rigimar diyya. Hoto ba ya nuna tushen gini. Ku da ba ku sayen buhun gero sai kun soka hannu ciki, don me za ku yi cinikin biri a sama?

Sai shirun kansa. Ƙauyukan da gida ke da araha galibi na gefen ƙasa ne, gabashin Groningen, kudancin Limburg, ƙarshen Zeeland, inda matasa suka daɗe suna barin gari. Inda mutane suka ragu, kanti yakan rufe, makaranta ta haɗe da ta wani gari, motar haya ta rage zuwa. Kowane ɗan kasuwa ya san rumfar da ba mai wucewa ta gabanta ita ce mai arahar haya. Waɗanda suka yi suna da kyau kuwa, irin Giethoorn inda ake yawo da kwalekwale maimakon mota a tsakiyar gari, tsada gare su, kuma baƙi masu yawon buɗe ido sun kore shirun. A cikin watan Disamba hasken rana bai kai awa 8 ba, dole a ɗumama ɗaki wata da watanni, kuma waɗanda ke da tsofaffin gidaje sun ji jiki a 2022 da gas ya yi tsada. Hajiya da ta saba da gaisuwa tun daga bakin ƙofa har rumfa ta sani cewa can ba a kasa kaya a ƙofar gida yadda aka ga dama, kuma maƙwabci ba ya shigowa sai da alkawari. Masallaci da mahaucin halal galibi sai birni.

Wani zai ce na cika tsoratarwa. A'a, in faɗi gaskiya akwai abin yabo. Yaron bai yi wauta ba: wanda ke biyan haya mai tsada duk wata yana zuba ruwa a kwando ne, mai biyan bashin gida kuwa wata rana zai gama. Kuma cinikin gida a can yana da tsari. Ba ya ɗauruwa sai an rubuta an sa hannu. Bayan sa hannu mai saye yana da kwana 3 na tunani, zai iya fasawa ba tare da biyan komai ba. Rajistar filayensu tun 1832 take aiki, shi ya sa da wuya ka ji an sayar wa mutum biyu fili ɗaya, abin da ya cika kotunanmu da ƙara. Amma in kwanakin nan suka wuce ya fasa ba bisa sharaɗin da aka rubuta ba, tarar da aka saba kashi 10 ce cikin 100 na kuɗin gidan. Saboda haka dole ya sa a rubuta cewa in banki ya ƙi ba da bashi, ciniki ya warware. Bashin kuma mai ruwa ne. Wannan magana ce da iyali za su kai gaban malaminsu tun kafin a sa hannu, ba bayan an sa ba.

Abin da na gaya wa Hajiya ke nan. Ta ce wa ɗanta ya aiko da abubuwa huɗu a rubuce: irin takardar zamansa da ta aikinsa, rahoton mai duba gini, jimillar abin da zai biya duk wata har da lampo da wuta da gas, da nisan gidan daga wurin aikinsa. In lissafi ya fita, ta taimaka masa daga riba, abin da in bai dawo ba rumfa ba za ta girgiza ba. In kuwa sai an sayar da fili kafin ciniki ya yiwu, to gidan ya fi ƙarfinsa tukuna, ya ƙara shekara biyu yana tari. Filin nan na Maraɗi shi ne madogararta ranar da ƙafa ta gaza zuwa kasuwa, kuma ƙannensa ma suna da haƙƙi a ciki. In aikin yaron ya tsaya, banki zai iya sayar da gidan can, a wayi gari ba gida a Holand, ba fili a Maraɗi.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Allah ya ba ƴaƴanmu da ke waje sa'a, ya sa albarka a kasuwa.