Mai Raino, Ki Yi Sharaɗi Tun Ranar Farko

'Yan'uwa, hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Zurmi, Shinkafi da Ƙaura Namoda sun bar mata da yawa da nauyin ciyar da gida. Uwar da za ta fita nema dole ta sami inda za ta bar ɗanta. Don haka muna yaba wa duk baiwar Allah da ta buɗe gidanta domin raino, a Sakajiki ko cikin Ƙaura.

Sai dai abin da ke karya wannan sana'a a watannin farko shi ne kunya. Kunyar maƙwabta kan sa ta karɓi yaran da suka fi ƙarfinta, ta kuma kasa tambayar haƙƙinta.

Lalle ne ta ƙayyade yawan yara da ladanta da lokacin ɗaukarsu, gaban shaidu. Ta duba katin rigakafi, musamman allurar ƙyanda ta wata 9. Ta rufe rijiya, ta tanadi ruwan gishiri da sukari saboda gudawa. Yaro mai zazzaɓi kuwa a kai shi asibiti nan take.

Ku kuma iyaye, ku biya ta kan lokaci, domin amanar 'ya'yanku ta ɗauka.