Tikitin Abokin Tafiya: Gyarar Da Mai Saye Ya Riga Ya Biya

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wani romon baka da bankunan Amurka da na Ingila ke yi wa jama'a, wanda ya kamata mu tone shi tun kafin ya ci wasunmu. Da yawa daga cikinmu na shirin tafiya ƙaro ilimi a waɗannan ƙasashe, wasu kuwa tuni sun kama aiki a can. Da zarar mutum ya zauna da gindinsa, sai a fara yi masa tayin katin bashi na manya, a ce idan ya karɓa, kowace shekara zai sayi tikitin jirgi ɗaya, matarsa ko abokinsa ya bi shi kyauta. Wannan shi ake kira tikitin abokin tafiya. Mu a ganinmu gyara ce irin ta kasuwa, kuma kowa ya san mai awo ba ta yin gyara sai ta cire ribarta.

Bari mu ɗauki katin Delta SkyMiles Platinum, wanda American Express ke bayarwa tare da kamfanin jiragen Delta. A shekarar 2024 aka ɗaga kuɗin riƙe shi daga dala 250 zuwa 350 a shekara, na babban wansa mai suna Reserve kuwa daga 550 zuwa 650. Tikitin ba ya zuwa a shekarar farko, sai mutum ya sabunta katin, watau ya biya kuɗin shekara sau biyu. In ya zo, harajin kujerar abokin yana wuyan mai katin. Ba kowace kujera ake bayarwa ba, sai wasu rukunai masu araha da kamfanin ya ware, waɗanda su ne kan fara ƙarewa lokacin hutun Kirsimeti da na makarantu, daidai lokacin da ma'aikaci ke samun sarari. Dole mutum biyun su tashi tare su dawo tare, kuma idan wa'adin ya cika ba a yi tafiyar ba, tikitin ya bi ruwa. Ga kuma abin da ya fi shafarmu: tikitin na aiki ne a cikin Amurka da wasu wurare na kusa, kamar tsibiran Karibiyan da Amurka ta Tsakiya. Delta na da jirgi daga Atlanta zuwa Legas, amma wannan kyauta ba ta kai can ba. Wanda ya karɓi katin da fatan kawo iyalinsa ganin gida ya yi shuka a idon makwarwa.

A Ingila ma haka zancen yake. Katin British Airways Premium Plus ya koma fam 300 a shekara a 2024, kuma daga watan Nuwamba na shekarar sai mutum ya kashe fam 15,000 da katin cikin shekara kafin a ba shi tikitin, alhali da fam 10,000 ne. Bayan haka sai ya tara makin tafiya da ake kira Avios, ya nemi kujeru biyu cikin 'yan kaɗan da aka ware wa masu maki, sannan ya biya haraji da cajin mutum biyu da kuɗin aljihunsa.

Ba mu ce babu wanda ke cin moriya ba. Mutumin da dama can yake tafiya da iyalinsa kowace shekara, wanda ke iya zaɓen ranar da ya ga dama, yana kuma biyan bashin katinsa kaf a ƙarshen kowane wata, lalle yana iya fitowa da riba. Amma a yi lissafi. A ce kujerar abokin dala 500 ce. A cire 350 na katin, a cire haraji, abin da ya rage bai kai 150 ba. Idan kuwa mutumin ya bar bashin dala 2,000 ya shekara a kansa da ruwan kashi 20 cikin ɗari, ya biya dala 400, ribar ta tafi har da uwar kuɗi. Wannan kuwa shi ne halin talakawan Amurka masu yawa: a 2023 bashin katunan ƙasar ya haura dala biliyan dubu, matsakaicin kuɗin ruwa kuma ya wuce kashi 20.

To, daga ina kuɗin kyautar ke fitowa? A shekarar 2024 Delta ya karɓi kimanin dala biliyan 7.4 daga American Express. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage, shirin makin SkyMiles ne kamfanin ya jinginar ya ciwo bashin dala biliyan 9. Kamfanin da ke samun irin wannan dukiya daga kati ba don Allah yake raba kujeru ba. Kuɗin na fitowa daga kuɗin shekara, daga kuɗin ruwa, da kuma kason da ake yanka wa ɗan kasuwa duk lokacin da aka biya shi da kati, wanda a Amurka kan kai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Ɗan kasuwa kuwa ba ya haɗiye asara, sai ya ɗora ta a kan farashin kaya, mai kati da marar kati su biya daidai. Wani bincike na reshen Babban Bankin Amurka da ke Boston a 2010 ya nuna cewa ta wannan hanya kuɗi na tashi daga masu sayayya da tsaba zuwa masu kati, daga masu ƙaramin ƙarfi zuwa mawadata. Ashe lebura mai sayen burodi da tsabar kuɗinsa yana cikin masu biyan kujerar matar attajiri. Wannan ita ce danniyar da muke ƙi, ko da ba mu ta ci ba.

Saboda haka muna kira ga duk ɗan'uwan da aka yi wa wannan tayi da ya tambayi kansa kafin ya sa hannu. Shin da ma zan yi tafiyar nan ko babu katin? Shin tikitin na zuwa inda nake son zuwa, a lokacin da nake da hutu? Shin zan iya biyan bashin duka kowane wata? Idan amsa ɗaya ta zama a'a, ya ajiye katin, ya tara kuɗinsa ya sayi tikiti biyu a inda ya fi araha. Ilimin da muka samu bai amfane mu ba idan ba mu iya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan takardar yarjejeniya. Magabata sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma bankunan nan sun fi mu sanin haka.