Jiki ma rumbu ne: mu ajiye hatsin damana tun da kaka

Ƴan uwa manoma, ku dubi jikinku a watan takwas, sannan ku sake dubawa a watan ɗaya. Da damana wando ya kan yi wa mutum yawa, da rani kuma ya cika shi. Wannan ba ciwo ba ne, lissafi ne.

Jikin mutum kamar rumbu yake. Abinci shi ne abin da ake zubawa, aiki shi ne abin da ake ɗiba. In abin da ya shiga ya fi wanda ya fita, jiki ya ajiye saura ya zama kitse. In aiki ya fi abinci, jiki ya ci ajiyarsa. Kitse yake fara ci, in yunwa ta daɗe ya taɓa tsoka. Tsoka kuwa ita ke jan hauya.

Likitoci suna auna ƙarfin abinci da kalori. Kilo ɗaya na hatsi yana da wajen kalori 3.500. Namiji mai noma wuni guda yana bukatar wajen 3.000. Ke nan tiya guda, wadda ta kai kilo biyu da rabi, abincin majiya ƙarfi uku ne na rana ɗaya. Mace mai shayarwa tana bukatar ƙarin wajen kalori 500 kowace rana, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itace, ga gamana.

To, ina kuskurenmu yake? Da kaka, lokacin da aiki ya yi sauƙi, mu kan ci mu ƙoshi, mu yi buki, mu kai hatsi kasuwa da araha. Da damana, lokacin da aiki ya fi tsanani, rumbu ya zama wayam, mu sayo da tsada. Mai gida ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago, haki ya cinye shukarsa. Baɗi kuma rumbu ya ƙara raguwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wani zai ce: bashi ne ya sa na sayar. Gaskiya ne, akwai larura. Akwai kuma shekarun da ba laifin kowa, kamar 1973, 1984 da 2005. Amma a shekara mai albarka, ra'ayina shi ne kowane gida ya ware rumbun damana tun ranar da aka ɗaure dammuna. A lissafa bakunan gida, a lissafa tiyoyin wata huɗu, a rufe. Kada a buɗe shi don suna ko aure. In larura ta zo, gara a sayar da akuya. Garin da ke da bankin cimaka, a riƙe shi da amana.

Kada kuma a sayar da wake da gujiya duka. Wake yana gina tsoka. Mai kuwa ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu, don haka cokali ɗaya na man gujiya cikin kunun yaro ba ɓarna ba ne. A fara zuba wa mai ciki, da mai goyo, da yara ƙanana, kuma a riƙa kai yaran awo gidan likita.

Ƙiba mai yawa ma ba lafiya ba ce. Mai zama inuwa yana cin abincin mai noma, ciwon suga da hawan jini yake kira.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, ku tattauna a dandali. Allah ya ba mu damana mai albarka.