Kirkin da Bai Amfani Kowa Ba: Darasi Daga Wurno da Rabah da Goronyo

Duk wanda ya yi nazarin al'adun Hausawa a jami'a ya san siffofi goma da A. H. M. Kirk-Greene ya jero a aikinsa kan mutumin kirki, wanda aka buga a 1974: gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Shekara hamsin ke nan ana maimaita su a aji, ana kafa hujja da su a kundayen digiri. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ma'aunin yana da kyau, amma yadda ake karantar da shi ya bar giɓi. An fi ɗaukar kirki a matsayin kamewa, wato kada a yi ƙarya, kada a ci amana, kada a zubar da mutunci. Ba a cika tambayar wanda ya amfana da kirkin ba.

Mutum yana iya zama mai ladabi da kunya da haƙuri, ya shekara saba'in bai taɓa faɗa da kowa ba, ya kuma bar garinsu yadda ya same shi. Bahaushe ba ya zagin irin wannan mutum, amma yana da kalmar da yake ajiye masa, yakan ce bai tsinana wa kowa komai ba. Tarihin gabashin Sakkwato ya nuna cewa magabata sun auna nagarta da wani abu da ya wuce kamewa, wato amfanarwa.

Wurno ce ta fara bayar da wannan shaida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya gina ta a matsayin ribaɗi, ya mai da ita mazauninsa, a can ya rasu, a can kuma hubbarensa yake. Ribaɗi a hannun Bello ya wuce sansanin mayaƙa. Gari ne da ake zaunar da makiyaya da manoma da masu sana'a, a koyar da karatu, a noma fadama, don bakin iyaka ya zama wurin zama. A littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji kan tushen siyasa, Bello ya sanya kula da manoma da maƙera da marina da maɗinka da mahauta da masu magani cikin wajiban shugaba, haka ma gina ganuwa da gadoji da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Shi kansa ya yi rubuce-rubuce kan magunguna, har da na basur da na ciwon ido. Malamin da ya kai wannan matsayi, ya kuma zauna yana rubutu kan basur, ya nuna cewa a wurinsa ilimin da bai sauƙaƙa wa talaka wata wahala ba bai kammala aikinsa ba.

Rabah ta ba da shaida ta biyu. A nan aka haifi Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya kammala Kwalejin Katsina a 1931, ya yi koyarwa a Sakkwato, aka naɗa shi Sarkin Rabah a 1934, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Taken gwamnatinsa aiki da ibada ne, an gwama su wuri ɗaya. Abin da ake tuna shi da shi a yau abubuwa ne da ake gani da ido, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962, da ɗimbin matasan da aka tura karatu da aikin soja da aikin gwamnati. An kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, amma har yanzu ana cin gajiyar abin da ya shuka.

Wannan ba ya nufin a wanke magabata tas. Masana tarihi sun san cewa akwai bayi cikin waɗanda aka zaunar a ribaɗoɗin ƙarni na 19, kuma 'yan NEPU sun sha wuya a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai a zamanin mulkin NPC. Ma'aunin amfanarwa shi ne ma yake ba da damar faɗin wannan, domin yana tambayar wa ya amfana, wa kuma ya cutu. Ma'aunin ladabi da kunya kaɗai yakan sa a yi shiru idan an zo kan manya.

Mai suka zai iya cewa Bello da Sardauna masu mulki ne, suna da taska da dakaru, ina ruwan talaka da wannan ma'auni? Amsar tana nan a Wurno. Nana Asma'u, 'yar Shehu kuma matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa, su tafi ƙauyuka su koyar da mata ta hanyar waƙoƙin da aka haddace. Jajojin nan dattawan mata ne na karkara, ba su da sarauta, ba su da dukiya, yawancinsu ma tarihi bai riƙe sunayensu ba. Abin da suka mallaka shi ne ƙafa da haddar da ke kansu da yardar da mutane suka yi musu. Da wannan kaɗai suka kai ilimi gidajen da malami namiji ba ya shiga. Amfanarwa ba ta jiran muƙami.

Goronyo kuwa ta nuna abin da ke faruwa idan aka samu kayan amfani aka rasa masu riƙon amana. Madatsar ruwan da aka gina a kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Daga gare ta ake shayar da birnin Sakkwato, da ita kuma manoman rani na Goronyo da Wurno suke noma shinkafa da albasa da tafarnuwa. Amma madatsa ba ta kula da kanta. Ambaliyar da ta auku a watan Satumba na 2010 ta cinye gonaki da gidaje a kwarin Rima, ta raba dubban mutane da muhallansu. Tsakanin irin wannan masifa da zaman lafiya akwai mutanen da ba a jin sunansu: injiniyan da ke auna ruwa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, ma'aikacin da aka ba kuɗin yashe magudana ya yashe ta, manomin da ke sama da bai tare ruwa ya hana na ƙasa ba. Kowannensu yana iya zama mai gaisuwa da fara'a, ya kuma kasa yin wannan. Idan ya kasa, ladabinsa bai cece gonar kowa ba.

Matsalar tsaro ta ƙara fito da wannan fili. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 30 a Tabanni da ke ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A watan Oktoba na 2021 an kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe fiye da mutum 40. Kowa a yankin ya san cewa ɗan bindiga ba ya rayuwa a daji shi kaɗai, akwai mai kai masa labari, akwai mai sayar masa da mai da abinci, akwai mai sayen shanun sata da araha. Irin waɗannan mutane a cikin gari suke, suna zuwa suna da jana'iza, suna durƙusa wa manya. A gefe guda kuma akwai magidancin da ya buɗe wa 'yan gudun hijira zaurensa, da malamin makarantar da bai bar aji ba, da ungozomar da ke fita cikin dare. Ma'aunin da ba zai iya raba waɗannan rukunai biyu ba sai an sake duba shi.

Saboda haka akwai aiki a gaban masu nazarin Hausa. Na farko, a daina koyar da siffofin nan goma kamar nauyinsu ɗaya. Karamci da adalci da amana suna kallon waje, zuwa ga jama'a, kuma su ne ke ba sauran ma'ana. Na biyu, a bi kalmomin da Bahaushe yake yabon mai amfani da su, irin su albarka da alheri da taimako da gayya da zumunci, a ga yadda suke aiki a bakin mutane a yau, a kasuwar Goronyo da fadamar Wurno da matsugunan 'yan gudun hijira, ba a tsofaffin littattafai kaɗai ba. Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana kusa da waɗannan wurare fiye da kowa. Na uku, mai nazari ya ɗora wa kansa ma'aunin, ya tambayi wanda kundinsa zai amfana bayan an ba shi digiri.

Rayuwar da ke gamsar da mai ita, a tunanin Bahaushe, ita ce wadda ake cewa ta yi albarka, kuma albarka ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya. Shi ya sa ake cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A gidan makoki, bayan an ce mamaci mutumin kirki ne, mutane sukan ci gaba da lissafi: wane ya sa a makaranta, rijiyar wa ya gina, rigimar su wa ya kashe. Wannan lissafin da talakawa ke yi a kan tabarma shi ya kamata ya shigo aji.